Shin albashin Naira 85,000 na Legas ya shafi ma'aikatan gidan waya?

Malam, ka tambaya ko mafi ƙarancin albashin da Gwamna Sanwo-Olu ya sanar a 2024 zai kai gare ku ma'aikatan gidan waya, ganin yadda kuɗin mota daga Agege da kuɗin haya suke cinye abin da kuke karɓa tun bayan cire tallafin mai a 2023.

Ba zai kai gare ku ba, domin NIPOST, wato hukumar gidan waya da kuke yi wa aiki, ta gwamnatin tarayya ce ba ta jihar Legas ba, kuma ma'auninku shi ne dokar Naira 70,000 da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yulin 2024, wadda za a riƙa dubawa duk bayan shekara uku. A ganina, inda ƙungiyarku ta ƙwadago, wato NUPTE, za ta fi samo muku sauƙi shi ne alawus ɗin sufuri da na gida, da bashin ƙarin girma, da daidaita albashin matakan da ke sama da mafi ƙaranci, tunda mai aiki a Legas ba kuɗi ɗaya yake kashewa da na ƙaramin gari ba.

Kada ku amince da alkawarin baki. Ku nemi yarjejeniya a rubuce mai ɗauke da ranar fara biya, tare da amincewar hukumar albashi ta ƙasa. Haka kuma kada reshenku ya shiga yajin aiki shi kaɗai, domin doka ta sanya aikin gidan waya cikin ayyukan da ba a dakatarwa kai tsaye. Idan tattaunawa ta cije, ku tuntuɓi lauyan ƙwadago kafin a kai ga Ma'aikatar Ƙwadago ko Kotun Ma'aikata.