Shin Harshen Gida Yana Hana Yaro Iya Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni uwa ce mai 'ya'ya uku. Malamar babbar 'yata ta ba mu shawarar mu daina yi wa yaran Hausa a gida, wai ita ce ke hana su ƙwarewa a Turanci. Maigidana ya amince, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba, musamman da yake kakarsu ba ta jin Turanci. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ina tare da ke, domin shawarar nan, duk da kyakkyawar niyyar mai ba da ita, ba ta dace da abin da bincike ya nuna ba. A shekarar 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife, inda aka koyar da yara darussan firamare da Yarbanci har tsawon shekara 6, Turanci kuma ya zama darasi guda a hannun ƙwararrun malamai, kuma waɗannan yara ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. A Amurka ma, hukumar ƙidaya tana raba tambayoyin gida biyu: wane harshe ake yi a gida, da kuma yadda mutum ya iya Turanci. Kusan mutum 1 cikin 5 yana amfani da wani harshe da ba Turanci ba a gida, amma fiye da rabinsu sun ce sun iya Turanci sosai.

Abin da ke rikita iyaye shi ne lokaci. Wani masanin koyon harsuna mai suna Jim Cummins ya nuna cewa yaron da ya shiga cikin masu wani harshe yakan iya hira da shi cikin kimanin shekara 2, amma harshen karatu da rubutu da jarrabawa yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Saboda haka idan 'yarki tana gaisuwa da Turanci ba gargada, amma ta kasa fahimtar tambayar lissafi da aka rubuta a allo, a kan hanya take, kuma littattafai take buƙata.

Abin da ya fi damuna shi ne gidan da iyaye ke tilasta wa kansu Turancin da bai zauna a bakinsu ba. Hira takan taƙaita ga "zo nan" da "yi shiru", labari da bayani su ɓace, yaro ya tashi bai ƙoshi da ko ɗaya daga cikin harsunan ba, ranar da kakarsa ta tambaye shi lafiyarsa kuma ya tsaya yana kallon bakinta.

Ki ci gaba da yi musu Hausa mai kyau, ki ware lokaci kullum su karanta miki littafin Turanci daidai da shekarunsu, sannan su bayyana miki abin da suka fahimta da Hausa. Ki kuma roƙi malamar ta faɗa miki takamaiman inda yarinyar ke da rauni, ko a karatu ne, ko a rubutu, ko a furuci.