Mene ne "lojong" da mabiya Buddha ke yi idan an ɓata musu rai?

Tambaya: Malam, ina karatun aikin jinya a Indiya. Ɗakinmu ɗaya da wata 'yar asalin Tibet mai bin addinin Buddha. Rannan wata babbar nas ta wanke ta tas a gaban marasa lafiya kan laifin da ba nata ba. Da muka koma ɗaki na zaci kuka za ta yi, sai ta zauna shiru tana jan numfashi a hankali, ta ce wai "lojong" take yi. Mene ne shi? Anya ba miƙa wuya ba ne a yi ta taka mutum?

Amsa: 'Yar'uwa, kalmar ta harshen Tibet ce, ma'anarta horar da zuciya. Ana danganta koyarwar ga Atisha, malami daga yankin Bengal wanda ya isa Tibet a 1042, ya rasu a can a 1054. A ƙarni na 12 wani malami mai suna Chekawa ya tattara ta cikin gajerun jumloli 59, a babi bakwai. Da gangan aka gajarce su, kamar karin magana, don su faɗo wa mutum a rai daidai lokacin da jininsa ya fara tafasa.

Numfashin da kika gani kuwa sunansa "tonglen", wato bayarwa da karɓa. Idan ta ja iska, tana sawwala cewa zafin abin ne take shaƙa kamar baƙin hayaƙi: nata da farko, domin koyarwar ta ce a fara da kai, sannan na duk wanda aka taɓa tozartawa a bainar jama'a, daga ƙarshe har na ita nas ɗin, wadda wataƙila kwana ta yi a tsaye. Idan ta saki iskar, sai ta aika musu da sauƙi. Zuciya ta saba jawo daɗi ta ture wa wasu wuya. Wannan sabawar ake son juyawa.

To, batun takawa. Akwai jumlar da ta ce a tara zargi duka wuri guda, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Wurin da ake nufi shi ne son kai, muryar nan mai cewa "ni za a yi wa haka?" Ba a ce ta amsa laifin da ba ta yi ba. Washegari tana iya samun nas ɗin ta nuna mata takardar maganin da wanda ya sa hannu, murya ƙasa-ƙasa. A ganina, shirun da aka ƙunshe gaba a cikinsa bai ko kama hanyar lojong ba, don wata jumlar cewa ta yi kada ka yi kwanton ɓauna, wato ka adana abin kana jiran ranar ramuwa. Wata kuma ta ce kada ka jira a tafa maka.

Masu bin wannan koyarwa suna ba da labari cewa da Atisha ya ji mutanen Tibet masu sanyin hali ne, sai ya tafi da wani yaronsa mai dafa shayi, mai baƙar zuciya, don kada ya rasa mai gwada masa haƙuri. Mutanen Tibet kan ƙara da dariya cewa da ya iso, ya tarar ashe bai buƙaci yaron ba.

Ki sani dai abin yana tsaye ne kan aƙidarsu ta sake haihuwa, inda suke ɗaukar cewa kowace halitta ta taɓa zama mahaifiyarsu a wata rayuwa. Nan hanyarsu ta rabu da ta Musulmi da Kirista. Idan kin lura da abokiyar ɗakinki da asuba da kuma dab da barci, wataƙila ki ga ta ɗan yi jim: da safe niyyar yinin take ƙullawa, da dare kuma tana bin sawun inda ta zame.