Amsa ga mai Camry da ke neman wanda zai yi wa injinsa tunin a Sakkwato

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun jiya bayan isha'i na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa don ba maganar layi biyu ba ce. Ka ce Camry ɗinka Muscle ce ta 2008, shan manta ya ishe ka, kuma mutum biyu sun yi maka tayi. Ɗaya ya ce dubu 45 zai yi mata tunin ta ƙara gudu ta rage shan mai, ɗayan ya ce dubu 300 saboda manhajar da yake aiki da ita da kuɗin waje ake sayenta. Kana son sanin wanda za ka bai wa, da kuma ko maganar tsadar manhaja gaskiya ce ko dabarar yanka ce.

A wagga mota da wagga matsala, ni ba zan bai wa ko ɗayansu ba tukuna. Na fi shekara goma ina saye da sayar da motoci, kuma wagga harka ta taɓa cin kuɗina, don haka bari in warware maka yadda na fahimce ta.

Mu nan duk wanda ya jona waya ƙarƙashin sitiyari sai mu ce ya sa wa mota kwamfuta, alhali aiki uku ne mabambanta. Akwai bincike: a jona na'ura irin Launch ko Autel a soket ɗin nan mai baki 16 da ake kira OBD2, wanda tun 1996 aka wajabta shi ga motocin Amurka, a karanta abin da motar ke kuka da shi. Akwai firogiramin, kamar haɗa sabon makulli ko ɗora gyaran da kamfanin motar da kansa ya fitar, da manhajar kamfani irin Techstream ta Toyota ko HDS ta Honda. Sai tunin na gaske, inda ake ciro fayil daga ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, a canza lissafin da ke cikinsa: yawan man da nozul ke fesawa, lokacin da filogi ke ba da wuta, da ƙarfin iskar da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ke turawa in motar na da shi. Da yawan masu cewa sun yi maka tunin, na farkon kawai suka yi. Sun goge wutar cek, wato fitilar da ke gargaɗin matsalar inji, sun wanke totur, mota ta ɗan sake, ka biya ka tafi kana sa albarka. Kafin ka yi ciniki da kowa, ka sa shi ya faɗa maka da bakinsa wanne daga cikin ukun zai yi.

Injin motarka, in mai silinda huɗu ce, 2AZ-FE ne, lita 2.4, ƙarfin doki wajen 158, kuma ba shi da turbo. Wannan shi ne gundarin maganar. Injin da ba turbo da kansa yake zuƙar iska, kuma babu wani lissafin kwamfuta da zai sa ya zuƙi fiye da abin da silindarsa ke ɗauka. Ƙwararre in ya yi iya ƙoƙarinsa, ɗan abin da zai ƙaro ba za ka ji shi a ƙafarka ba. Abin da galibi ake yi wa irin waɗannan motoci shi ne a sa totur ya riƙa amsawa da wuri, ka ɗan taɓa ta zabura, sai ka ɗauka ƙarfi ya ƙaru. Ƙarfin yana nan yadda yake, an dai matso maka da shi kusa ne. Inda tunin ke yin abin a zo a gani shi ne injin turbo, kamar Accord ta 2018 mai lita 1.5, ko C300 daga 2015 mai lita 2.0, ko Hilux ta dizal. Can in an ƙara matsin iska ana iya samun kashi 20 cikin ɗari ko fiye, amma da nasa haɗarin, zan zo kansa.

Shan mai kuwa, tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya koma lissafin lita, shi ya sa kasuwar masu alkawarin rage shan mai ta buɗe. Toyota ba ta bar wani mai na zuba a banza cikin lissafinta ba da wani zai zo ya tsinta da laftof. In Camry na shan mai fiye da kima, wani abu ne ya lalace ko aka lalata. Na farko da zan duba shi ne tamostat, ɗan murfin da ke tsare ruwan inji har sai ya ɗumama. Kusan duk motar da ta shigo hannun makanikanmu sai an cire shi an haɗa fanka kai tsaye, wai don garinmu da zafi. To tamostat ɗin sai ruwa ya kai wajen digiri 82 yake buɗewa, don a can injin ke aiki daidai. In babu shi, musamman da safiyar hunturu ko a doguwar hanya, birenbos na ganin injin bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara mai. Na biyu indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi a cikin salansa. Sau da yawa tun kafin mota ta iso hannunka an fasa an kwashe shi, an bar ka da lambar P0420, wadda na'urar bincike ke nunawa in indomin ba ya aiki, da wutar cek da ba ta mutuwa, har ka saba da ita, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba. Sai sensar iskar salansa ta gaba in ta gaji, da sensar da ke auna iska bayan matatar iska, wadda ƙurar hunturunmu ke toshewa, da filogi na jabu, da birkin da ke riƙewa, da tayar da ba iska. Irin wanga inji na shekarun 2007 zuwa 2009 kuma an san shi da shan baƙin mai, ka riƙa duba sandar auna baƙin mai kowane mako.

Ka auna da kanka kafin kowa ya taɓa ta. Cika tanki har famfo ya tsaya, ka mayar da lissafin kilomita sifili, ka je Birnin Kebbi ta Argungu ka dawo, ka koma famfon da ka sha ka sake cikawa. Raba kilomita da lita. Lafiyayyar Camry irin taka a buɗaɗɗiyar hanya tana ba da wajen kilomita 12 zuwa 13 a lita, cikin gari da esi da cunkoson kasuwa wajen 8 zuwa 9. In kana kusa da haka motarka lafiya lau take, farashin mai ne ba lafiya.

Maganar manhaja kuwa, mai dubu 300 bai yi ƙarya ba a kan cewa kayan asali na da tsada. Na'urar karantawa da rubutawa irin KESS ta kamfanin Alientech na Italiya, ko Autotuner, in cikakkiya ce da lasisinta dubban Yuro ce, wasunsu kuma duk shekara sai an sabunta rajista. WinOLS, manhajar Jamus da ake buɗe fayil a gyara lissafin da ita, ita ma da Yuro ake sayenta, kuma iya aiki da ita karatu ne na shekaru. HP Tuners na Amurka su kuma kowace mota sai ka sayi kiredit, ɗaya wajen dala 50, kuma mota ɗaya kan ci biyu ko fiye. Masu Honda suna da Hondata da KTuner, su ma a haɗe suke da motar da aka buɗe su a kanta. Ka juya waɗannan zuwa naira a canjin yau, za ka ga mai kayan asali ba zai iya yin aikin dubu 45 ba sai dai in sadaka yake. Amma tsadar kaya a duniya ba shaida ba ce cewa shi yana da su. Kwafin KESS na jabu daga Sin ya cika intanet a kuɗin da bai kai na waya mai kyau ba, kuma a ido kusan ba ka bambance su. Mutum na iya riƙe da na jabu ya caje ka kuɗin na asali. Ka ce ya buɗe manhajar a gabanka da intanet a kunne. Ta asali tana shiga asusunsa ta sabunta kanta. Mai ta jabu kuwa kashe intanet yake fara yi, don in ta haɗu da kamfani na'urar na iya kullewa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba. Yawancin masu shago ba su suke rubuta fayil ɗin ba. Na'urarsu irin wadda ke ƙarƙashin wani uban gida ce: su karanta, su tura masa ta intanet, wataƙila yana Turai, ya gyara ya dawo da shi, su biya shi kuɗin kowane fayil. Wannan ba laifi ba ne, haka ake yi a ko'ina. Sai dai fayil ɗin da irin wagga na'ura ta ciro a kulle yake, uban gidan kaɗai ke iya buɗe shi. In kuka ɓata da mai shago ko ya tashi daga gari, wani ba zai iya amfani da kwafin da ke hannunka ba. Ka tambayi wanga tun farko.

Ni abin da ya same ni, wata Passat ce mai turbo da na riƙe don kaina. Wani yaro mai fara'a ya ce zai mayar mini da ita jirgi. Muna tsaye a rana, laftof a kan kujera, ba caja a jikin batirin mota, shi ma laftof ɗin janareton maƙwabci ke riƙe da shi. Rubutu ya kai rabi janareto ya mutu, laftof ya bi shi. Shi ke nan. Ka murɗa makulli fanka ta tashi da ƙarfi, inji ko tari. Na ce to mayar da na asali, sai ya fara sosa ƙeya, ashe bai ajiye ba. Mako uku motar na kwance, sai da na aika Ƙofar Ruwa a Kano aka nemo birenbos ta Beljiyam mai lamba iri ɗaya, sannan na biya wani ya haɗa ta da makulli, don tsaron motar ba ya yarda da baƙuwar ƙwaƙwalwa. Abin da na kashe ya ninka kuɗin aikin sau da yawa. Yaron ya ba da haƙuri, iyayensa mutanen kirki ne, na bar shi. Tun daga ranar, in na shiga shago ban ga na'urar da ke riƙe wutar batir daidai lokacin rubutu ba, sallama nake yi in fita.

Ga masu turbo da ke karanta wannan, haɗarinku ya fi na mai Camry. Fayilolin da ke yawo a intanet an rubuta su ne don man Turai mai lambar oktan 95 ko 98, wato lambar da ke nuna yadda mai ke jure matsi ba ya fashewa kafin lokacinsa, a ƙasashen da digiri 30 ake kira zafi. Mu man fetur iri ɗaya ne a gidajen manmu, lambarsa wajen 91 in an samu mai kyau, ban da na 'yan bumburutu da ka sha a hanyar Illela don dole. Ga watan Afrilu da Mayu da muke haura digiri 40, kwalta na tururi. Iska mai zafi da mai mai rauni, aka kuma matso da lokacin wuta gaba, sai man ya riƙa fashewa kafin lokacinsa yana dukan fistin. Birenbos za ta yi ta ja da baya don ta ceci injin, ƙarfin da ka saya ya tafi, ranar da ta kasa kuma gasket ya ƙone ko inji ya buga, wataƙila tsakanin Tureta da Talata Mafara inda ba ka son tsayawa. C300 tun daga kamfani mai mai babbar lamba take so, da namu man a bakin iyakarta take tun ba a taɓa ta ba. Accord 1.5 kuwa giyarta CVT ce, irin otomatik ɗin nan mai aiki da bel, ba ta son a ɗora mata ƙarfin da ya wuce abin da aka gina ta a kai.

Saboda haka in dai sai an yi, ni ba farashi nake fara tambaya ba. Ina duba ko mutumin ya fara da bincike, ya hau motar da na'ura a jone yana kallon zafin iska da yadda injin ke ja da wuta baya, kafin ya taɓa komai. Ina tambayarsa wa ya rubuta fayil ɗin kuma don wane mai. In ya ce duk ɗaya ne, mun gama. Ina so ya tura mini fayil ɗin asali a wayata kafin ya rubuta sabo, ya kuma yarda a rubuce cewa in ban gamsu ba zai mayar kyauta, in birenbos ta mutu a hannunsa shi zai saya. Ina so in ga mota irin tawa da ya yi wa aiki wadda ta ci bazara ɗaya aƙalla, in yi magana da mai ita ba a gabansa ba. Na'urar auna ƙarfi da ake ɗora mota a kai tana gudu a tsaye ita ce shaidar gaske, amma ba kasafai ake samunta ba, don haka duk wanda ya ce ya ƙara maka doki 40 ka tambaye shi da me ya ƙirga su. Wanda kuma ya ce zai kashe maka wutar cek gaba ɗaya ta cikin fayil, makantar da motar zai yi. Mutumin da na fi yarda da shi a wagga harka shi ne wanda na kai wa Corolla ya ce Alhaji riƙe kuɗinka, babu abin da zan ƙara mata.

Kai dai yanzu ka nemi mai bincike na kirki, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka ce ya rubuta maka lambobin da suka fito kafin ya goge su, ya nuna maka zafin ruwan inji bayan tafiyar minti 20, da lissafin ƙarin man da birenbos ke yi, wanda in ya haura kashi 10 akwai inda iska ke shiga ko sensa ta gaji. Ka duba ko tamostat na nan. Ka kawo mana lambobin da sakamakon tafiyar Birnin Kebbi, mu duba tare, in sha Allahu.