Amsar tambayarka kan awon fili daga cikin ofis

Ka ce wai tunda yanzu akwai GIS, wato tsarin ajiye taswirori da bayanan ƙasa a kwamfuta, ga hoton tauraron ɗan'adam kyauta a Google Earth, ga GPS a wayarka, me zai hana mu zana filotai daga ofis mu huta da shan rana. Yaro, da wani ne ya yi min wannan tambaya da ko kallonsa ba zan yi ba. Don dai mahaifinka ya damƙa min amanarka ne.

Ba zan tsaya koya maka kafa ƙafar na'urar awo ko daidaita kumfar da ke nuna ta zauna daidai ba, wanda bai iya wannan ba ya je ya nemi wata sana'a. GIS ɗin da kuke ta kururutawa kuwa ba wani tsafi ba ne. Taswirori ne hawa-hawa: na filotai daban, na tituna daban, na magudanan ruwa, na bututun famfo, na layin wuta, kowanne da bayaninsa a maƙale, wane ne mai fili, yaushe aka ba shi, ya biya kuɗin ƙasa ko bai biya ba. In ka ɗora su kan juna sai ka ga inda gida ya hau kan bututu. Abu ne mai kyau, ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Abuja ta fara da hukumarta ta GIS, AGIS, lokacin da El-Rufa'i yake ministan birnin tarayya, Nasarawa ta yi NAGIS, Kaduna KADGIS, mu nan Kano KANGIS. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, to gara a san abin da aka bayar a kwamfuta da a bar shi a fayil ɗin da gara ke ci. Amma kwamfuta ba ta taɓa taka fili ba. Abin da ka zuba mata shi za ta zana maka, da launi mai kyau.

Wayarka in ta yi ƙoƙari ta kuskure da mita 3 zuwa 5. Kafin shekarar 2000 ma, da Amurka ke gurɓata siginar da gangan, kuskuren ya fi haka nesa ba kusa ba. Filotin hamsin da ɗari faɗinsa mita 15 ne. Ka cire mita 5, ka ba maƙwabci kashi ɗaya cikin uku, sai ku haɗu a kotu.

Wannan ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce tushen lambobi, wato ma'aunin da aka bi wajen ba kowane wuri lambar da ke nuna inda yake. Tsofaffin taswirorinmu da duwatsun gwamnati, wato alamomin da aka kafa a ƙasa don a riƙa ɗauko awo daga gare su, a kan ma'aunin Minna aka yi su. GPS da Google Earth kuwa ma'aunin duniya da ake kira WGS84 suke bi. Dutse ɗaya, lamba biyu. In ka ɗauki lambar Minna ka zuba ta kamar ta WGS84 ce, a nan yankinmu fili zai tashi daga inda yake da fiye da mita 100, kuma babu jan rubutun da zai fito ya gargaɗe ka.

Wannan ne ya tuna min da wani Alhaji, ba zan kama suna ba, Allah ya san shi. Gona ce da shi babba a bayan gari, ya ce ba ya son awon igiya irin na dillalai, yana son aikin safiyo na gaske don ya nemi takarda. Na ɗauko awo daga dutsen gwamnati, na zagaye gonar, na dawo inda na fara, awo ya rufu tsaf. Babban layin wuta mai kilobolt 132 ya bi ta gefen gonar. Ƙa'idarsa a bar mita 30, wato 15 kowane ɓangare, ba gini. Na bari. Akwai wani kwari da ruwan damina ke bi, na ware shi magudana. Tituna na ba su mita 12. Muka binne duwatsu da siminti a tsakiyar zafin bazara, yarana na lokacin ba irinku ba ne, ba wanda ya ce min cajinsa ya ƙare.

Alhaji ya biya rabi. Ya ce in sa masa zanen a filashi zai nuna wa 'ya'yansa, ragowar kuɗi bayan sallah. Mutum ne mai furfura da carbi, sahun gaba. Ashe wani yaro ya kai wa, irin masu shagon buga takardu da suka kalli bidiyo biyu a YouTube suka zama injiniyoyi. Yaron ya buɗe zanena, bai tambayi Minna ba ne ko me, ya ɗora a kan hoton sama. Gonar gaba ɗaya ta matsa, ta yi nesa da layin wuta. Sai ya ce wa Alhaji ai tsohon nan ya yi maka asarar ƙasa, ga fili fetal ya bari ba dalili. Shi yaron jahilci ne. Alhaji fa? Mutumin da ya yi shekaru yana noma a ƙarƙashin wayar nan, yana jin ƙugin ta da kunnensa? Ya sani sarai. Ya sa aka cike wurin da filotai, aka cike kwarin, aka matse tituna suka koma mita 6, aka bar sunana da lambar rajistata a ƙasan takarda yadda suke. Sannan dillalansa suka je suka ja igiya daga duwatsuna na gaskiya. Mutane suka yi cinikin biri a sama, suna ganin hatimin safiyo sun ɗauka an gama.

Shekaru suka wuce, aka yi gine-gine. Da aka zo sabunta takardu ana shigar da su kwamfuta, aka ɗora filotan kan taswirar layin wuta, sai ga jerin gidaje a ƙarƙashin waya. Aka shafa musu jan fenti. Wa za a nema? Wanda sunansa ke kan takarda. Wata bazawara ta zo ƙofar ofishina da marayu tana kuka, gadon mijinta ta sa a wurin. Aka kira ni gaban kwamiti, ni da na yi rajista da SURCON, hukumar safiyoyi ta ƙasa, tun kana cikin zanin goyo, ana tambayata ko na san ƙa'idar layin wuta. Littafin awona na fili shi ya cece ni, wanda kuke yi wa dariya don da fensir nake rubutawa, da kwafin asali da na ajiye. Aka koma aka tono duwatsuna, kowanne yana inda littafi ya ce. An wanke ni, amma kafin nan wani aikin shata hanyar bututun ruwa da na kusa samu ya tafi hannun wani, don ba mai ba da kwangila ga wanda ake bincike. Rabin kuɗina kuwa har yau sallar ba ta zo ba. Na ji bara ya sake zuwa Umara.

Abin haushin, GIS ɗin da ya tona asirin shi ne aka yi ɓarnar da shi. Ku 'yan yanzu kun iya danna manhajojin QGIS da ArcGIS fiye da ni, ban musa ba, yatsunku sun fi nawa sauri. Amma in na ce ku nuna min dutsen gwamnati mafi kusa da wannan ofis sai ku hau kallon juna. Kuna son a kira ku safiyo, ba kwa son ƙura ta taɓa takalminku.

To ga yadda za ka yi in kana tare da ni. Duk fayil ɗin da aka kawo maka, tambayar farko a kan wane ma'auni aka yi shi, kuma wane yanki. Kano tana yanki na 32 a tsarin UTM da ya raba duniya yanki-yanki, amma tsofaffin takardu da yawa a kan rabon Najeriya da ake kira bel suke, na yamma, na tsakiya ko na gabas, kada ka haɗa su. In mai fayil bai sani ba, ɗauki na'ura ka je ka hau dutse biyu ko uku da aka san lambarsu, ka gwada. Hoton sama don ka ga gari ne, ka san inda kwari yake da inda aka yi sabon gini, ba a cire iyaka daga jikinsa. Bututun da ke binne kuwa ba hoton da zai nuna maka shi, sai ka nemi tsofaffin ma'aikatan hukumar ruwa ka yi musu ladabi.

Kuma ko ubanka ne ya zo, kada ka ba shi zanen da ake iya gyarawa. Takarda mai hatimi, bayan ya cika kuɗi. Filashin ofis yana aljihuna, in kana buƙata ka tambaye ni.