Shin "wu wei" zaman kashe wando ne?

Tambaya: Malam, na ci karo da kalmar Sinanci "wu wei" a karatun falsafar Tao, an fassara ta da "rashin yin komai". Wannan ba lalaci ba ne? Kuma wane karin maganarmu ya dace da ita, "mai haƙuri yakan dafa dutse" ko "zafin nema ba ya kawo samu"?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya yi wannan fassara ya kama harafi ya saki ma'ana. "Wu" na nufin babu, "wei" kuwa yi, amma irin yin da ake tursasa abu ya bi inda ba hanyarsa ba. A babi na 37 na Daodejing, littafi mai babi 81 da ake jingina wa Laozi, wani malamin falsafa na ƙasar Sin a zamanin da, an ce Tao, wato Hanya, ba ta yin komai, amma babu abin da ya saura ba a yi ba. Raggo kuwa komai nasa saura yake yi.

Misalin da ya fi fito da ma'anar yana cikin Zhuangzi, wani littafin falsafar Tao: wani mahauci mai suna Ding da ke daddatsa bijimin sa a gaban basarake. Ya ce mahauci na gama-gari duk wata yake sauya wuƙa, domin sara yake yi, yana haɗa kaifi da ƙashi. Gwani kuma duk shekara, domin yanka yake yi. Tasa wuƙar ta shekara 19, ta ratsa dubban shanu, amma kamar yanzu aka wasa ta. Dalili shi ne tsakanin gaɓa da gaɓa akwai 'yar kafa, bakin wuƙa kuma siriri ne, sai ya bi kafar. In ya iso inda jijiya da ƙashi suka cakuɗe, sai ya nutsu, ya tsayar da ido, ya rage sauri, ya motsa wuƙar kaɗan, naman ya zube da kansa. Ka lura, sai da ya shekara 3 kafin ya daina ganin bijimin a dunƙule. Ashe da koyo da gumi aka isa wannan sauƙi. Shi ya sa na fi son a ce "aiki ba da tilas ba".

Batun karin magana kuwa, ajiye na dafa dutse. Haƙuri jure wahala ne, mai shi yana ta iza wuta har dutsen ya yi romo. Ɗan Tao tambaya zai yi: me ya kai ka ɗora dutse a tukunya tun farko?

"Zafin nema ba ya kawo samu" ya fi kusa, amma tushensu daban. Bahaushe na faɗarsa ne bisa imani da rabo, cewa abin da Allah bai ƙaddara maka ba naci ba ya kawo shi. Laozi ba maganar rabo yake ba. Cewa yake zafin da kansa ke ɓata aikin. Don haka kada a fassara kalmar da "tawakkali", kuskure ne da ke saurin shigowa: tawakkali dogaro ne ga Ubangiji, Tao kuwa ba ubangiji ba ce da ake roƙo.

A fagen mulki akwai namu da ya dace, "a bar kaza cikin gashinta". Babi na 60 ya ce mulkin babbar ƙasa kamar dafa ƙaramin kifi ne, yawan juya shi ke dagargaza shi. Sarakunan farkon daular Han ta ƙasar Sin sun gwada wannan, har a zamanin Sarki Wen da Sarki Jing aka sauke harajin gona zuwa kashi 1 cikin 30 na amfani. Sai dai kazar tamu ta fi karkata ga rufin asiri, kada a tono abin da zai jawo abin kunya, don haka a duba jimla da kyau kafin a saka ta.