Malam, wai "must not" da "don't have to" ba abu ɗaya ba ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni nas ce, shekarata shida ina aiki, yanzu ina shirin zana OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, saboda ina son in tafi Ingila aiki. To akwai abin da ya hana ni barci tun jiya. A gwajin da muka yi a wajen lesin an ba mu bayanan wani mara lafiya da za a sallama, aka ce mu rubuta wa mai jinyarsa a gida wasiƙa. Abin da nake son in faɗa shi ne ba dole ba ne ya riƙa dawowa asibiti wankin ciwo, za a iya yi masa a gida, sai na rubuta "He must not come back to the hospital for dressing". Mai koya mana ya ba ni maki ya ce daidai ne, wai must not da don't have to duk Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Amma wata ƙawata da take aiki a can ta ce in na rubuta haka a wajen aiki to na hana mutum zuwa asibiti ke nan. Saura wata ɗaya jarrabawata kuma kuɗin rajistar ma bashi na ciyo. Don Allah wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam Sista. Ki bi ƙawarki, ki kuma yi mata godiya. Mai lesin ɗin nan ya tafka kuskure, kuma da a ce 'yan firamare yake koyarwa da sai in ce a yi masa uzuri, amma mutumin da yake karɓar kuɗin ma'aikatan jinya yana ce musu waɗannan biyun ɗaya ne, wannan kam abin ya wuce batun faɗuwa jarrabawa.

Abin da kika rubuta ma'anarsa da Hausa shi ne: kada ya kuskura ya dawo asibiti wankin ciwo. Hani ne tsagwaronsa. Ki ɗauka bayan kwana huɗu ciwon ya fara mugunya, jikin dattijon ya yi zafi, 'yarsa ta ɗauko takardar da asibiti ya ba ta ta ga an rubuta must not, kina ganin za ta kawo shi? Zama za ta yi tana shafa masa abin da ta samu. Abin da kike nufi kuwa "He doesn't have to come back" ne, ko "He doesn't need to come back", ko a taƙaice "He needn't come back". Waɗannan ukun su ne "ba dole ba ne", in ya zo babu laifi, in bai zo ba babu laifi.

Ba zan tsaya ina karanta miki cewa can da may na izini ne, must da have to na tilas ne ba, wadda ta kai ga zana OET ta wuce nan. Matsalar tana wajen korewa ne, kuma na san daga inda take fitowa don kusan kullum sai na ci karo da ita.

Mu a Hausa in ka ce dole ne, to kishiyarsa ba dole ba ne. "Ba" ɗin nan guda biyu dolen suke kewayewa su kashe shi. Sai ƙwaƙwalwa ta ce to ai must shi ne dole, not shi ne ba, ke nan must not shi ne ba dole ba. Lissafin ya yi kyau a ido amma Turanci bai bi ta nan ba. A must not, dolen yana nan da ransa, aikin da ya biyo baya not ɗin ya faɗa wa, wato dole ne ka ƙi yi. Shi ne "kada" ɗinmu, shi ne "kar ka kuskura". A don't have to kuwa dolen aka kashe, aikin aka bar maka zaɓi. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne in babu korewa must da have to kusan ɗaya suke, "you must pay" da "you have to pay" duk biya za ka yi, to sai mutum ya ɗauka in an kore su ma tare za su tafi, alhali a nan suke raba hanya, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma.

Ni yadda nake koya wa ɗalibaina, kuma ban taɓa ganin wanda ya manta ba, shi ne in mayar da su Islamiyya. Azumin Sitta Shawwal, you don't have to fast, in ka yi ka samu lada in ka bari babu zunubi. Azumin ranar Sallah kuwa you mustn't fast, haramun ne. Akwai wanda zai ce maka waɗannan hukunce-hukuncen biyu ɗaya ne? Ko yaron da bai sauke izu biyar ba ba zai faɗa ba. To must wajibi, mustn't haramun, should ya yi kusa da mustahabbi, shouldn't ya yi kusa da makaruhi, can da may kuma ya halatta. Ba wai sun dace ɗari bisa ɗari ba ne, malaman fiƙihu kar su kama ni, amma a matsayin ma'auni yana aiki sosai.

Kuma gaskiya ba Hausa kaɗai ce ta jawo ba, Turancinmu na Najeriya ya riga ya halatta abin. Ki buɗe Facebook yanzu za ki ga mai digiri biyu ya rubuta "You must not be rich before you marry", yana nufin ba sai ka yi kuɗi za ka yi aure ba, alhali in Bature ya karanta abin da zai fahimta shi ne an haramta maka yin arziki kafin aure. Ko a ce "It must not be me", wai ba lallai sai ni ba. Tsakaninmu mun gane juna, ni ba na ma gyara wa mutum a hira. Jamusawa ma haka suke fama, don a yarensu "du musst nicht" ba dole ba ne yake nufi, in za su yi hani wata kalmar daban suke amfani da ita, sai su zo Turanci su faɗa ramin da muke faɗawa. Saboda haka ba daƙiƙanci ba ne. Asalin must ɗin ma a tsohon Turanci daga kalmar da take nufin samun izini ya fito, to kin ga must not bai yi nisa da "ba a ba ka izini ba".

Amma ke Sista ba hira za ki je yi ba, kuma abin da ya fi tayar min da hankali ba rubutunki ba ne, karatunki ne. Wanda ya saba rubuta must not da nufin ba dole ba, haka zai karanta shi in ya gan shi a jikin kwalin magani. Ƙwayoyin nan da aka yi su don su riƙa sakin magani a hankali cikin awoyi, takardarsu tana cewa must not be crushed or chewed. Ga tsohuwa ta kasa haɗiya, ga nas ta gaji tana dutin dare, ta karanta ta fahimci "ba sai an niƙa ba", ta ce to ba dole ba ne amma tunda Baba ba ta iya haɗiya bari in niƙa mata in zuba a kunu, shi ke nan maganin da ya kamata ya shiga jiki cikin yini guda ya shiga lokaci ɗaya. Potassium chloride mai ƙarfi must not a tura shi kai tsaye a jijiya ba a tsarma ba, ke kin fi ni sanin abin da yake yi wa zuciya. Asfirin a Ingila ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita saboda cutar Reye mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Mara lafiyar da za a shiga da shi tiyata aka ce he must not eat or drink, in kika gaya wa 'yan'uwansa ba dole ba ne ya ci, ai wallahi kafin ki juya an kawo fulas ɗin shayi da burodi. Duk waɗannan kalma ɗaya ce tsakani.

Akwai wani ɗalibina da ya tafi Ingila digiri na biyu. Bizar ɗalibai a can awa 20 a sati ta yarda ka yi aiki lokacin da ake zangon karatu, kuma makarantarsu ta rubuto musu ƙarara cewa you must not work more than 20 hours. Bawan Allah nan ya karanta ya fahimci ba dole ba ne ka wuce awa 20, wato in kana da ƙarfi bismillah. Har ya karɓi ƙarin aikin dare, Allah ya taimake shi ya turo min saƙon yana murna kafin ya fara, na kira shi a waya ina masa faɗa kamar zan shiga cikin wayar. Da ya yi, bizarsa ce cikin haɗari, ga kuɗin makarantar da aka sayar da fili aka biya.

Shi ya sa raina yake ɓaci da masu lesin ɗin nan da suka cika gari. Mutum ya kama hayar shago, ya sa benci shida da allo da fanka, ya buga ƙyallen talla ya rubuta IELTS da OET da manyan baƙaƙe, shi bai taɓa zana ko ɗaya ba, abin da yake da shi tsofaffin tambayoyi ne da ya sauke a intanet da amsoshin da bai san dalilinsu ba. Ga kuma na TikTok masu "Turanci cikin kwana bakwai". Abin haushin shi ne inda babu komai nan suke tsanantawa. Za su ɓata miki awa guda a kan wai "Can I come in?" kuskure ne sai dai "May I come in?", har da wannan tsohon barkwancin na malaman makaranta, wai ka iya shigowa amma ban ba ka izini ba. Turawan da kansu can suke cewa safe da yamma, may ta fi ladabi da kama da takarda, could tana tsakiya, iyakar zancen ke nan. Babu wanda ya taɓa cutuwa don ya ce can a wajen may. Amma inda rai yake, sai su ce duk ɗaya ne. Wanda bai sani ba ya ce ban sani ba mana, ai ba abin kunya ba ne, kuɗin mutane fa amana ne, wasu bashi suka ciyo kamar yadda kika faɗa, wasu adashi suka kwasa.

Tunda kina da wata ɗaya bari in ƙara miki wasu da suke maƙwabtaka da wannan. May not fuska biyu gare ta. "Visitors may not enter after 8pm" hani ne, ba a yarda ba. "The doctor may not come today" kuwa wataƙila ne, mai yiwuwa ba zai zo ba. Yanayin maganar ne zai nuna miki, amma ke in kina rubuta wa mai jinya ki guje mata gaba ɗaya, ki ce must not ko "is not allowed to" ko ki fara da "Do not", kowa ya huta. Sannan mustn't ba ta da shuɗaɗɗen lokaci, in jiya aka hana sai ki ce "wasn't allowed to" ko couldn't, in jiya aka tilasta ki ce "had to". "Didn't have to" kuma tana nan a gidan ba dole ba.

Should da must ma kar ki haɗa su. A littafin dokokin tuƙi na Birtaniya, Highway Code, duk inda aka rubuta MUST ko MUST NOT da manyan baƙaƙe doka ce, in ka saɓa ka yi laifin da za a iya hukunta ka, inda aka ce should kuwa shawara ce mai ƙarfi. Haka suke ɗaukar kalmomin nan da nauyi. To in magani ne da in an tsallake shi akwai haɗari kar ki rubuta should don kina jin must ta yi tsauri, mu muna da wannan kunyar ta ba babba umarni, amma a takardar asibiti ba wajenta ba ne.

A baki kuma sai ki yi hattara ta ɗaya ɓangaren, don mutanen can ba su cika ce wa abokin aiki you must ba, zagaye suke yi. In shugabarki ta ce "You might want to check that chart again" ba zaɓi ta ba ki ba, cewa take je ki duba yanzu, akwai abin da kika yi ba daidai ba. In ta ce "I'd rather you didn't" to hani ne ya sa babbar riga. Ƙawarki za ta ba ki labarin wannan fiye da ni.

Kafin ki rubuta kowace jimla irin wannan ki tambayi kanki da Hausa: in mutumin ya aikata, akwai matsala? In akwai, must not. In babu, doesn't have to ko doesn't need to. Wasiƙar taki kuma ga yadda zan so in gan ta: "He does not need to return to the hospital for dressing changes, as these can be done at home. However, he must come back immediately if he develops a fever or the wound starts to discharge." Ki sake rubuta ta gaba ɗaya a daren nan, ki bi sauran wasiƙun da mai lesin ya riga ya duba miki ki ja layi a ƙarƙashin duk must not da kika gani, ina kyautata zaton za ki samu wasu. Sauran 'yan ajin naku ma ki nuna musu, don shi ma abin da ya gaya miki shi ya gaya musu.