Ta Ina Zan Rage Kuɗin Dakon Kaya Daga China?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayo jakunkunan mata da takalma daga Guangzhou zuwa Kano, wani lokaci ta jirgin sama, wani lokaci ta ruwa, amma kuɗin dako yana cinye mini riba. Ta ina zan rage?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yawancin abin da za ka biya tun kayan suna sito a Guangzhou ake ƙayyade shi, kafin su hau kowane jirgi.

Kamfanonin jiragen sama ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba. Suna auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, su ninka, su raba da 6000, sannan su caje ka kan wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwali mai awon 60 da 50 da 40 kilo 20 ne a wurinsu, ko da jakunkunan da ke ciki ba su wuce kilo 12 ba. Wato kuɗin kilo 8 ya tafi a kan iska da takardar da aka cusa a cikin jakunkuna don su tsaya da kyau. Ka umarci mai sayar maka ya cire takardar, ya jera ƙananan jakunkuna a cikin manya, ya kuma ninke kwalayen takalma a shimfiɗe. A ganina, jirgin sama ya dace ne da samfuri da sabon yayi mai saurin wucewa kawai.

A ruwa kuwa, idan kana haɗa kwantena da wasu, da CBM ake lissafi, wato awon wurin da kaya suka ci, inda CBM ɗaya yake daidai da mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Da zarar kayanka sun kusa CBM 15, nemi farashin kwantena mai ƙafa 20 sukutum, wadda take ɗaukar kusan CBM 28 a aikace, domin sau da yawa ta fi sauƙi. Kada kuma arhar farko ta ruɗe ka, akwai ejan da ke karya farashi a China ya fanshe a Legas. Ka sa a rubuta maka jimillar kuɗin har zuwa Kano.

Inda ya fi damuna shi ne tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a Legas, inda kwantena ke zaune ana ƙirga mata kuɗin jinkiri kullum bayan ƙarewar kwanakin kyauta. Ka buɗe Form M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, a banki kafin a ɗora kaya, ka tabbatar bayanin da ke kan rasit ya dace da abin da ke cikin kwali, don kwastam su fitar da PAAR, wato rahotonsu na tantance kaya da ƙiyasta haraji, kafin jirgi ya iso, sannan ka nemi ƙarin kwanakin kyauta tun wajen ciniki.

Ka kuma kiyayi makonnin da ke gaban hutun sabuwar shekarar China, wanda ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, da na hutunsu na farkon Oktoba, lokacin da wuri ke wuya farashi ya hau. Kayan Sallah a ɗora su wata uku kafin lokaci, don kada gaggawa ta tilasta maka biyan jirgin sama.